Babi na Shida: Kanwa, Taba da Goro: Kansar Baki da Maƙogwaro a Arewacin Gana

Ayarin da ke tashi daga Kano zuwa Gwanja a ƙarni na 19 ba ya tafiya hannu rabbana. Jakuna da takarkarai sukan fita ɗauke da turamen baƙin rini, da jar fata, da gabu, da kuma wani kaya mai nauyi wanda rana da ruwa ba sa ɓata shi a hanya, wato kanwa. Madugu yakan ratsa da su ta Borgu ko ta ƙasar Gurma, su faɗo Sansanne Mango, su yada zango a Yendi, daga nan sai Salaga, inda goron dazuzzukan Asante ke jiransu. Kanwar nan dabbobi na lasa, mata na sa ta a tukunya, masu magani na jiƙa ta. Amma wani kaso nata a turmin masu dakan taba yake ƙarewa.

Kasuwar Salaga ta fara ja da baya tun da Turawan Ingila suka ci Kumasi da yaƙi a 1874, sannan yaƙin basasar 1892 ya tarwatsa fatake, wasu suka yi Kete Krachi, wasu Kintampo, wasu Kumasi da Akara. Ayari ya mutu, mota ta gaje shi. Abin da bai mutu ba shi ne haɗin nan na taba da kanwa. Wanda ya shiga kasuwar Bolgatanga ko ta Bawku, waɗanda ke ci duk bayan kwana uku, zai tarar da masu sayar da busasshen ganyen taba da garinta, ana auna wa mutane a ƙullin leda. Masu saye kuma ba samari ne masu taurin kai ba. Galibi dattawa ne da tsofaffin mata, mutanen da in ka ce musu suna shan taba za su ji ka ci mutuncinsu. "Haba ɗana, ni ina ruwana da sigari? 'Yar wannan ce kawai nake sawa saboda haƙori."

Kafin a shiga maganar taba, bari a wanke goro, domin an sha ɗora masa laifin da ba nasa ba. Wasu masu wayar da kai sukan karanta cewa a Indiya da Pakistan akwai wani ƙwallo da ake taunawa yana jawo kansar baki, sai su ɗauka goronmu ne. Ba shi ba ne. Wancan ɗan wani irin giginya ne da ake kira areka, ana naɗe shi a ganye da farar ƙasa, sau da yawa har da taba, kuma shi ne babban dalilin da ya sa kansar baki ta yi katutu a kudancin Asiya. Hukumar binciken kansa ta duniya da ke birnin Liyon na Faransa, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, ta sa areka a jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansa. Goron da ake rabawa a ɗaurin aure da suna ba ya cikin wannan jeri. Matsalar goro ɗaya ce a nan: yana rina baki, har mutum ya saba ganin dasashinsa da harshensa ja, ya daina lura in wani jan tabo na daban ya fito. Sai kuma abokan tafiyarsa. Tsofaffinmu mata sun san fure, wato furen taba da ake goga wa haƙora tare da goro don ado, kuma dattawa da yawa in sun gama cin goro sai su bi shi da taba a kunci.

Ita taba ba asalin ƙasashenmu ba ce. Daga nahiyar Amurka ta fito, ta iso Afirka ta Yamma a ƙarshen ƙarni na 16, nan da nan kuwa malamai suka shiga gardama a kanta. Shehu Ahmad Baba na Tambutu yana cikin waɗanda suka yi rubutu suna halatta ta, wasu suka haramta, kuma har gobe ɗariƙar Tijjaniyya, wadda ke da ɗimbin mabiya a zangunan Gana, tana hana muridanta taɓa ta. Waɗancan malamai sun yi muhawararsu ba tare da ɗakin gwaji ba. Yau an san abin da ke cikin ganyen.

Hayaƙin sigari na ƙunshe da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga ciki masu haddasa kansa ne. Hanyar da hayaƙin ke bi kuwa ita ce taswirar cutar: leɓe, harshe, ƙasan harshe, ganɗa, maƙogwaro, akwatin murya, sannan huhu. Wannan kowa ya ji shi a rediyo. Wanda ba a cika faɗa ba shi ne cewa tabar da ba a kunna mata wuta ba ita ma tana da nata dafin. Lokacin da ake shanya ganyen ana ajiye shi ya gumu, wasu sinadarai da ake kira naitrosamin sukan samu daga nikotin ɗin da ke cikinsa, su ne kuma ke lalata ƙwayoyin halittar fatar baki. A nan kanwa ke shigowa. Aikinta shi ne ta saki nikotin ya ratsa fatar kunci da sauri ya shiga jini, shi ya sa mai taba ke cewa wadda ba kanwa lami ce, ba ta hawa kai. Da nikotin ya kama mutum, sai ya koma sa taba sau goma a yini, kullum a gurbi ɗaya, tsakanin kunci da dasashi ko bayan leɓen ƙasa, shekara ashirin, shekara talatin. A daidai wannan gurbi fatar ke fara yin fari ta yi kauri, kuma sau da yawa nan ne kansar ke tsirowa. Mutanen Sudan suna da irin wannan haɗi na taba da kanwa da suke kira tumbak, kuma masu bincike sun auna naitrosamin a cikinsa sun tarar yana cikin mafi yawa da aka taɓa gani a kowace irin taba a duniya. Batun cewa taba na maganin ciwon haƙori kuwa, abin da take yi shi ne ta kashe zafin na ɗan lokaci, ramin haƙorin na nan yana ƙara zurfi, dasashi na janyewa.

Gana ba ta cikin ƙasashen da aka fi shan sigari a Afirka, kuma ta yi dokoki masu kyau a takarda. Ta amince da yarjejeniyar duniya ta yaƙi da taba a 2004, kamfanin British American Tobacco ya rufe masana'antarsa ta Takoradi a 2006, Dokar Lafiyar Jama'a ta 2012 ta hana tallar taba da sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba da busa hayaƙi a wuraren taruwar jama'a, daga baya kuma aka tilasta buga hotunan gargaɗi a kan kwali. Sai dai binciken lafiya na ƙasa ya sha nuna cewa yankunan arewa sun fi kudu amfani da taba. Kuma hoton gargaɗi a kwali ba ya isa ga wanda ke sayen kara ɗaya a teburin mai shayi, balle ga tsohuwar da ke sayen garin taba a ƙullin leda. Ƙullin leda ba shi da rubutu. Ga kuma shisha da ta shigo wa samari da 'yan mata da ƙamshin tuffa da na'ana'a, ana ce musu ruwan tulun yana tace dafin. Ba ya tacewa. Sanyaya hayaƙin kawai yake yi, mutum ya ji daɗin zuƙa mai zurfi har tsawon awa guda.

Ta biyu a jerin masu laifi ita ce giya. Na san mai karatu ɗan zango zai ce wannan ba tamu ba ce. To, a faɗi gaskiya: a Bolga (Bolgatanga) da Bawku muna zaune da maƙwabta waɗanda fito, burkutun dawa, ke cikin bikinsu da makokinsu, kuma lafiyarsu ta dame mu. Sannan ba duk ɗan Musulmin da ya fito daga gida mai mutunci ne bakinsa ke da tsarki daga kwalba ba. Ƙananan ledojin barasa masu ɗaci da ake sayarwa da sunan maganin basir ko ƙarfin maza sun shiga aljihun 'yan acaɓa da 'yan kamasho a tasha, ba wanda ya tambaye su addininsu. Akwai kuma akpeteshi, barasar gida da ake tatsa daga bammi ko rake, wadda Turawan mulkin mallaka suka haramta, gwamnatin Nkrumah ta halatta a 1962, ƙarfinta kan kai kashi 40 cikin 100 ko fiye. Kowace iri ce, da ta shiga baki jiki na juya ta zuwa wani sinadari mai suna asetaldehaid, wanda ke ɓata ƙwayoyin halitta. Bayan haka barasa na tausasa fatar baki, dafin taba ya samu ƙofa a buɗe. Shi ya sa haɗarin mai haɗa biyun ba tarawa ake yi ba, ninkawa ake yi. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 1988 ya gano cewa wanda ya yi nisa a sigari da giya tare, haɗarinsa na kamuwa da kansar baki da maƙogwaro ya ninka na wanda ba ya taɓa ko ɗaya sau fiye da 30. Kusan kashi uku cikin huɗu na kansar kai da wuya a ƙasashen da aka yi ƙididdiga sosai, taba da giya ne sanadinsu.

Saura kuma fa? Akwai mutumin da bai taɓa sa taba a baki ba, bai san ɗanɗanon giya ba, ya wayi gari da wannan ciwo, mutane su bi shi da zargi ko su ce jifa ne. A wani kaso na irin waɗannan mutane, ƙwayoyin cuta ne ke kawo ciwon. Ta farko ita ce HPV, wadda aka fi saninta da haddasa kansar bakin mahaifa. Nau'inta mai lamba 16 na iya zama a gindin harshe da ƙullutan nan biyu na gefen maƙogwaro, ta hanyar saduwa ake ɗaukarta, har da saduwa ta baki, kuma takan yi shekaru da dama shiru kafin ta zama kansa. A Amurka ita ce ke da alhakin kusan kashi 70 cikin 100 na kansar wannan sashe na maƙogwaro. A Afirka kasonta bai kai haka ba, amma tana nan. Tana da allurar rigakafi tun 2006. Najeriya ta fara yi wa 'yan mata ita a Oktoban 2023, Gana kuma ta shigar da ita kyauta ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a Oktoban 2025. Ostareliya da Ingila har yara maza suke yi wa, saboda kansar maƙogwaro ta fi kama maza. Ba sai an tuna wa Bahaushe abin da jita-jita ta jawo a Kano a 2003 ba, lokacin da aka dakatar da allurar shan-inna, cutar ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Uban da ya hana 'yarsa wannan allura saboda saƙon murya da aka turo masa a WhatsApp, ya sani cewa wanda ya naɗi saƙon ba zai zo jinya ba.

Ƙwayar cuta ta biyu, wadda ake kira Epstein-Barr, tana da hannu a kansar bayan hanci, can saman maƙogwaro, wadda kan zo da toshewar hanci ɓangare ɗaya da haɓo da ƙullutu a wuya, kuma tana kama har matasa. Ita ce kuma, tare da zazzaɓin cizon sauro mai yawan dawowa, ke bayan kumburin muƙamuƙin yara da likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958. Wannan ba kansar fatar baki ba ce, ta ƙwayoyin garkuwar jiki ce, amma a fuska take fitowa, haƙoran yaro su yi ta girgiɗi, kunci ya kumbura cikin makonni kaɗan. Asibitin Korle Bu da ke Akara ya yi suna a bincikenta, inda Farfesa Francis Nkrumah, ɗan shugaban ƙasa na farko, ya yi shekaru yana aiki a kanta. Tana jin magani ƙwarai in an zo da wuri, kuma tana cikin kansar yara huɗu da inshorar lafiya ta ƙasa ta ɗauki nauyinsu.

Akwai ƙananan abubuwa da ba za a daɗe a kansu ba. Rana na ƙona leɓen ƙasa, musamman ga zabiya, don haka malafa ba ado ba ce a gare su. Ƙarancin kayan lambu da 'ya'yan itace na ƙara haɗari, alhali ga tumatir na madatsun Vea da Tono, ga albasar Bawku, ga zogale da mangwaro. Abin sha mai tsananin zafi, wanda ya haura digiri 65, ana kyautata zaton yana cutar da bututun abinci, saboda haka a bar koko da shayi su ɗan huce.

Ƙididdigar duniya ta 2022 ta nuna mutum kusan 390,000 ne suka kamu da kansar leɓe da cikin baki a shekarar, kusan 188,000 suka mutu. Abin da ke raba mai rayuwa da mai mutuwa, fiye da komai, shi ne ranar da ya isa gaban likita. A Amurka, cikin waɗanda aka gano tasu tun ba ta bar inda ta tsiro ba, sama da 80 cikin 100 na raye bayan shekara biyar. In ta riga ta yi nisa a jiki, ko rabi ba sa kaiwa. Wannan a ƙasar da ke da injuna ke nan.

Yanzu a dubi hanyar da mara lafiya ke bi a wajenmu. Miki ya fito a gefen harshe. Wata na farko, ai zafi ne, a sha sanyi. Wata na biyu, a je kemis a sayo kafso da ruwan kurkure baki. Murya ta dishe, haɗiya ta yi wuya, sai a ce beli ne ya sauko, a kira wanzami. Da ƙullutu ya fito a wuya, sai wata gwaggo ta ce wannan daji ne, daji kuwa ba ya son ƙarfe, kada a kuskura a kai shi asibiti a yi masa allura ko a sa masa wuƙa. Wannan magana ta kashe mutane da yawa, kuma abin takaici tana da abin da ke ciyar da ita: an ga wane an kai shi asibiti an yi masa aiki ya rasu. Ba a lissafa cewa sai da ya shekara a gida, ya kasa haɗiye ko ruwa, sannan aka ɗauke shi. Ƙarfe bai kashe shi ba, jinkiri ne.

Idan an yanke shawarar tafiya kuma, sai nisa ya tare hanya. Daga Bawku a zo Asibitin Yanki na Bolgatanga, daga nan a tura mutum Asibitin Koyarwa na Tamale, kilomita kusan 160, inda mutanen Yendi da Salaga su ma ke zuwa. Idan ciwon na buƙatar gashi da na'urar haske, cibiyoyin gwamnati da suka daɗe suna wannan aiki biyu ne, Korle Bu a Akara da Komfo Anokye a Kumasi. Daga Bolga zuwa Kumasi ya haura kilomita 500. Gashin kansar baki da wuya kuma ba na yini ɗaya ba ne, kwana biyar ne a mako har mako shida ko bakwai. Sai an nemi masauki a zango, sai an samu mai jinya, sai an bar gona ko shago, sai an sayar da akuya, wani lokaci har da sa. Ga wanda ke zaune a arewacin Gana, mikin da likita zai iya yankewa a tiyata ɗaya da wanda sai an kai Kumasi, bambancinsu na iya zama dukiyar gida gaba ɗaya.

Amma wannan kansa tana da wani rauni da yawancin sauran ba su da shi. Ta hanta da ta huhu a ɓoye suke, sai da hoto. Ta baki kuwa a fili take, ido na ganinta, yatsa na taɓa ta. A jihar Kerala ta Indiya an gwada wannan tun daga 1996. An koya wa ma'aikatan lafiya, waɗanda ba likitoci ba, su bi gida-gida suna duba bakin mutane da haske, su tura wanda suka ga alama asibiti. Mutum kusan 190,000 binciken ya shafa. Sakamakon da mujallar Lancet ta buga a 2005 ya nuna mutuwa daga kansar baki ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku a tsakanin masu taba da masu giya. Ba inji, ba wutar lantarki, tocila ce da horo.

Abin da ya sa wannan labari ya dace da mu shi ne, tsarin da ake buƙata a nan yankin aka haife shi. A Navrongo, tafiyar ƙasa da awa ɗaya daga Bolga, cibiyar binciken lafiya ta gwada a shekarun 1990 ta ɗauke nas daga asibiti ta zaunar da ita cikin ƙauye, tana bin gidaje a kan babur. Gwajin ya yi nasara har gwamnati ta mayar da shi tsarin ƙasa baki ɗaya, shi ne ƙananan ɗakunan shan magani na CHPS da ke warwatse a karkara. Nas ɗin da ke auna jarirai da duba masu ciki tana wuce kakan jaririn zaune a gindin bishiya da taba a kunci. A ganina, koya mata ta ce "Baba, buɗe bakinka in gani" ya fi kowace lacca da za a yi a otal a Akara amfani, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Haka wanzamai. Maimakon a yi ta faɗa da su, gara a nuna musu hotunan alamomin nan, tunda su ne ke fara leƙa maƙogwaron mutane, a ce musu in kun ga irin wannan ku mayar da aska kube ku tura shi asibiti.

Ga mai taba kuma, barin ta ba ya makara. Bayan shekara biyar zuwa goma da dainawa, haɗarin kansar baki da maƙogwaro na raguwa da rabi, bayan shekara ashirin ya kusa komawa daidai da na wanda bai taɓa sha ba. Wanda ke iya riƙe bakinsa daga asuba zuwa magariba har kwana talatin ya riga ya nuna yana iyawa. Sai dai kada a bar sigari a koma taba gari ko shisha a ce an samu sauƙi.

Mai karatu, sau ɗaya a wata ka wanke bakinka tas daga goro, ka tsaya gaban madubi inda akwai haske. Ka ja leɓunanka ka duba, ka duba cikin kunci dama da hagu, ka zaro harshe ka juya shi gefe da gefe, ka ɗaga shi ka ga ƙasansa, ka shafa wuyanka da yatsu. Abin da kake nema shi ne miki da ya ƙi warkewa, ko farin tabo da ba ya kankaruwa, ko jan tabo, ko wani tauri a cikin nama, ko ƙullutu a wuya wanda ba ya ciwo. Haka in murya ta dishe, ko haɗiya na yi maka wuya, ko kunne ɗaya na ciwo ba dalili, ko haƙori ya fara girgiɗi haka kawai. Yawancin irin waɗannan ba kansa ba ne, kuma sukan wuce da kansu cikin mako biyu. Wanda ya kai mako uku bai tafi ba, kada ka koma kemis, kada ka jira a gama girbi. Ka je asibiti ka nemi likitan haƙori ko na kunne da hanci da maƙogwaro, ka gaya masa ranar da abin ya fara da irin tabar da kake amfani da ita, kuma in ya ce za a ɗebi ɗan nama a kai ɗakin gwaji, ka yarda.